Suna Linzami: Nazari kan Matsayin Dangin Ƙadandoniya na Odontopygidae

Da zarar ruwan shuka ya sauka, ƙadandoniya na cikin halittun farko da ke fitowa daga ƙasa. Wata baƙa ce wuluk, wata ja-ja, wata mai ratsi. In ka taɓa ta sai ta naɗe kamar gammo, ta bar maka wani ruwa mai wari a yatsa. Bahaushe ya raba ta da shanshani tun da daɗewa: shi mai gudu ne da cizo, ita mai tafiyar hawainiya ce, abincinta ruɓaɓɓen ganye. Wannan rabon daidai yake, ilimin zamani ma ya tabbatar da shi, domin kowannensu ajinsa daban. Sai dai a ƙarƙashin wannan suna guda na ƙadandoniya masana sun bayyana kimanin nau'i 12,000, sun kasa su sahu 16 da dangi kusan 140. Dangi ɗaya daga ciki nake son dubawa, wato Odontopygidae, saboda kusan kacokan ɗinsa a Afirka kudu da Sahara yake, kuma tarihin sunansa ya nuna ƙarara abin da rabe-raben halittu ya dogara a kai da kuma inda yake da rauni.

Matakan rabon kamar tsani suke. Ƙadandoniya tana cikin babban rukunin Arthropoda, halittu masu ɓawo a waje da ƙafafu masu gaɓoɓi, tare da ƙwari da gizo-gizo da ƙaguwa. A cikinsa tana reshen Myriapoda, ita da shanshani. Ajinta shi ne Diplopoda, kalmar Girkanci mai nufin ƙafa biyu-biyu. Jikinta jerin zobba ne: zoben wuya ba shi da ƙafa, ukun da ke biye kowanne ƙafa ɗaya dama ɗaya hagu, daga nan kuma kowane zobe ƙafa huɗu, don asalinsa gaɓa biyu ce ta haɗe wuri guda. Sunan da Turawa suka ba ta yana nufin mai ƙafa dubu, amma sai a 2021 aka bayyana nau'in da ya kai wannan adadi, Eumillipes persephone, wanda aka zaƙulo daga ramin binciken ma'adinai a yammacin Ostareliya yana da ƙafa 1,306. A ƙasan aji akwai sahu, sai dangi, sai jinsi, sai nau'i. Odontopygidae na cikin sahun Spirostreptida, wanda ya ƙunshi dogayen ƙadandoniya masu jiki kamar gora na ƙasashe masu zafi. Maƙwabtansa na kusa su ne Spirostreptidae, dangin ƙatuwar Archispirostreptus gigas ta gabashin Afirka da kan haura santimita 30, da Harpagophoridae da ya bazu daga Afirka zuwa Indiya da kudu maso gabashin Asiya. Waɗannan biyun an haɗa su a babban dangi guda, shi kuwa Odontopygidae aka ware masa nasa, Odontopygoidea.

Ƙarshen kalmomin ba ado ba ne. Dokar sanya wa dabbobi suna ta duniya ta tanadi cewa sunan dangi ya ƙare da -idae, ƙaramin dangi da -inae, babban dangi da -oidea, kuma dukkansu daga sunan jinsi ɗaya ake ƙera su. A nan jinsin shi ne Odontopyge. Kalma biyu ce ta Girkanci, haƙori da kuturi, saboda a ƙarshen jikin yawancin 'yan dangin akwai marufi biyu na mafitar kashi, kowanne ɗauke da ɗan tsini kamar ƙaya. Wanda ke da madubin hannu zai iya ganin sa, kuma ita ce alama mafi sauƙi ta raba su da Spirostreptidae a gona. Amma ba kowa ke da tsinin ba. Akwai ma jinsi a dangin da ake kira Lissopyge, ma'ana mai sulɓin kuturi. Tun daga nan mai karatu zai gane cewa alamar da ta ba dangi suna ba lallai ita ce ke riƙe da shi ba.

Lokacin da Carl Linnaeus ya fitar da bugu na goma na Systema Naturae a 1758, littafin da aka mayar mafarin sunayen dabbobi, mafi yawan ƙadandoniyar da ya sani ya zuba su a jinsi ɗaya, Julus, cikin ƙwari marasa fiffike. Johann Friedrich von Brandt, Bajamushen da ya shugabanci gidan adana dabbobi na birnin San Fitasbag a Rasha, yana cikin waɗanda suka fara warware wannan tari, shi ne kuma ya ƙirƙiro sunan Odontopyge a 1841. Masanan zamaninsa da abin da ido ke gani a waje suke aiki: launi, tsawo, yawan zobba, siffar zoben wuya. Waɗannan kuwa alamu ne masu ruɗi. Launi yakan kode a cikin kwalbar adanawa. Yawan zobba yakan ƙaru da girma, domin jaririyar ƙadandoniya da ƙafa shida kacal take farawa, tana ƙara zobba duk lokacin da ta yi saɓa. Ga shi kuma rayuwar kutsawa cikin ƙasa ta sa jikinsu duk ya zama salo ɗaya, mulmulalle mai santsi, ko da kuwa ba su haɗa kaka na kusa ba. Kama da wane ba ta wane.

Abin da ya sauya fagen shi ne gano muhimmancin ƙafafun barbara na namiji. A zobe na bakwai na balagaggen namiji, ƙafafun da ya kamata su zama na tafiya sun rikiɗe sun zama kayan aikin miƙa maniyyi ga mace. A dangin Odontopygidae ƙafa biyun gaba na wannan zobe ne suka rikiɗe haka, suna ɓuya a cikin jiki sai lokacin buƙata. Maniyyin kansa daga bayan ƙafafu na biyu yake fitowa, kusa da kai, don haka sai namiji ya tanƙwara gaban jikinsa ya ɗora shi a kan ƙafafun barbara kafin ya kusanci mace. Daga ƙarshen ƙarni na 19, ta hannun masana irin su Robert Latzel da Karl Verhoeff da Carl Attems, aka fahimci cewa siffar waɗannan ƙafafu tsayayya ce a cikin nau'i ɗaya, tana kuma bambanta sarai tsakanin nau'i da nau'i. Attems, wanda ya yi aikinsa a gidan adana halittu na Biyana, shi ne ya ɗaga wannan rukuni zuwa matakin dangi a 1909, a 1914 kuma ya wallafa babban aikinsa kan Spirostreptida na Afirka.

Duk wanda ya taɓa ganin zanen ƙafar barbarar Odontopygidae ya san dalilin da ya sa masana suka jingina da ita. Tana da gindi mai naɗe-naɗe kamar ganyen da aka ninke, daga cikinsa wani hannu ya fito, ya murɗe a kan kansa kamar igiyar da aka tuƙa, sannan ya rabu biyu. Reshe ɗaya siriri ne dogo kamar bulala, shi ke ɗauke da ɗan kwarmin da maniyyi ke bi. Ɗayan kuwa faffaɗa ne, mai ninki da kunnuwa da ƙayoyi da haƙora kamar na zarto, kuma shi ne ya fi kowane sashe bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Duk wannan gini bai wuce 'yan milimita ba. Me ya sa halitta mai jiki sassauƙa haka take da gaɓa mai sarƙaƙiya haka? Tsohon bayani shi ne na kwaɗo da mabuɗi, wato siffar tana hana barbara tsakanin nau'i biyu daban. Daga baya masana da yawa sun karkata ga cewa gasar haihuwa ce ke tuƙa sauyin: zaɓin mace, da gogayyar maniyyin maza daban-daban a jikin mace guda. Ko wanne ne gaskiya, sakamakonsa ga mai rabe-rabe ɗaya ne. Gaɓar tana sauyawa da sauri fiye da sauran jiki, shi ya sa take zama kamar zanen yatsa.

Akwai alama ta biyu da wannan dangi ya yi fice da ita. A gefen baya na kowane zobe akwai siririyar geza da ake kira limbus, wadda ke rufe mahaɗar zoben da na bayansa. A dangogi da dama miƙaƙƙiya ce ba wani ado, amma a Odontopygidae sau da yawa an yanka ta haƙora-haƙora, wasu masu tsini, wasu kamar cebur, wasu masu rassa, kuma salon yakan bi nau'i ko rukunin nau'o'i. Darajarta ita ce mace da ƙanana ma suna da ita. Rauninta kuma shi ne nau'o'i da yawa kan yi tarayya a salo guda, kuma ganin ta sosai sai da madubin lantarki.

Otto Kraus, masanin Jamus da ya yi aiki a Farankfot kafin ya koma Hambag, ya tattara abin da aka sani game da dangin a manyan ayyuka biyu, na 1960 da na 1966. Shekaru da dama su ne madogarar duk mai son tantance ƙadandoniyar wannan dangi. A lokacin jinsin Odontopyge ya zama kamar babban zaure, an tara masa nau'o'i masu yawa daga sassan nahiyar. Duk wanda ya samu sabon nau'i mai tsini a kuturi da ƙafar barbara mai wani salo da aka saba gani, can yake kai shi.

A nan ne dokar samfurin tushe ta shigo, kuma a ganina ita ce zuciyar wannan fanni baki ɗaya. Suna a ilimin dabbobi ba a ɗaure yake da bayanin da aka rubuta ba, ba kuma da abin da masana suka saba nufi da shi ba. Sunan nau'i a ɗaure yake da samfuri guda da ke ajiye a wani gidan adanawa. Sunan jinsi a ɗaure yake da nau'i guda, nau'in tushe. Sunan dangi kuma da jinsi guda. Sarƙa ce, kuma ƙarshenta wata gawar ƙadandoniya ce a cikin kwalba. Duk inda wannan samfuri ya nufa, can sunan zai bi shi, ko da mutum ɗari sun yi amfani da sunan a wata ma'ana ta daban.

A 1991 Richard Hoffman, masanin Amurka daga jihar Bajiniya, wanda littafinsa na rabe-raben Diplopoda ya zama ginshiƙin fannin tun 1980, ya wallafa maƙala da take a sigar tambaya: shin mene ne Odontopyge? Ya koma kan nau'in tushe, Odontopyge kollarii na Brandt, sai ya tarar cewa ƙirarsa ba ta yi daidai da ta galibin nau'o'in da aka jibga a jinsin ba. Shekara 150 ana kiran jama'a da sunan gidan da ba nasu ba. Hukuncin doka a fili yake. Sunan Odontopyge ya bi nau'in tushensa da 'yan uwansa na gaskiya, sauran kuma suka rasa jinsi. Girgizar ba ta tsaya nan ba, ta hau sama, domin sunan ƙaramin dangi na Odontopyginae dole ya bi jinsinsa. Babban rukunin da aka saba kira da wannan suna sai aka farfaɗo masa da wani tsohon suna, Archepyginae, a cikinsa kuma Hoffman ya kafa ƙabilar Prionopetalini, wadda ta ƙunshi kaso mai tsoka na dangin.

Wani zai ce wannan tsaurin kai ne, me zai hana a bar suna inda jama'a suka saba da shi? Akwai hanyar yin haka. Hukumar da ke kula da dokar tana da ikon jingine ƙa'ida idan bin ta zai kawo ruɗani mai yawa, sai dai sai an kai mata ƙara da hujja. Ni dai ina ganin bin samfurin tushe ya fi zama alheri a irin wannan hali, saboda zauren da aka kira Odontopyge dama can ba gida ɗaya ba ne. Riƙe sunan zai ɓoye matsalar ne kawai, ya sa mai karatu ya ɗauka nau'o'in nan zuriya ɗaya ce alhali ba wanda ya tabbatar. Da aka cire musu sunan, kowa ya ga aikin da ya rage. Masana suka riƙa kiran su marayu, suna rubuta tsohon sunan jinsin a tsakanin alamun zance don nuna cewa aro ne.

Marayun sun daɗe suna jira. A 2016 Henrik Enghoff na gidan adana halittu na Denmak da ke Kofanhegan ya kafa sabon jinsi, ya sa wasu sababbin nau'o'i uku na Tanzaniya a ciki tare da wani kaso na marayun. Ya kira shi Geotypodon. Wanda ya ƙirga haruffan zai ga su ne dai haruffa goma na Odontopyge aka sake jerawa, don sabon gida ya riƙa tuna da tsohon. Shekara 25 ke nan tsakanin gano kuskure da wannan gyara, kuma dalilin a bayyane yake: masu iya wannan aiki a duniya ba su da yawa, ga shi kowane nau'i sai an nemo samfurinsa, an zaro ƙafar barbararsa, an kwatanta.

Maƙalar da ta kafa Geotypodon ɗaya ce daga jerin da Enghoff ya fara a 2014 kan ƙadandoniyar tsaunukan Udzungwa na Tanzaniya. A ta farko kaɗai ya bayyana sababbin nau'o'i 20 na jinsin Chaleponcus daga waɗannan tsaunuka, da yawansu ba a san su ba sai a daji ɗaya ko biyu. Dangin da aka bayyana nau'o'insa fiye da 400 ya samu ƙarin 20 daga tsauni guda, a jinsi guda. Ƙadandoniya ba ta tashi, ba ta nisan tafiya, ba ta jure bushewa. Idan busasshen fili ya raba dazuzzuka biyu na dubban shekaru, mazauna kowanne sai su kama hanyarsu, ƙafar barbara kuma ita ce ke fara nuna rabuwar. Wannan ya isa ya nuna cewa adadin da ke cikin littattafai ya fi nuna inda masu tattarawa suka taka, ba iyakar abin da ke cikin ƙasa ba.

Yanzu ga inda ginin yake da rauni, kuma bai kamata a rufe shi ba. Na farko, tsarin kusan gaba ɗaya a kan balagaggen namiji ya tsaya. Mace da ƙanana, waɗanda sau da yawa su ne suka fi yawa a abin da aka tsinto, da wuya a kai su ga nau'i da tabbaci. Tsofaffin sunayen da aka kafa a kan samfurin mace sun zama alƙaƙai: ba a iya jefar da su, don doka ta amince da su, ba a kuma iya cewa ga namijinsu. Na biyu ya fi zurfi. Gaɓar da ke sauyawa da sauri ta dace da raba nau'i da nau'i, amma ba lallai ta dace da gano zumunci mai nisa ba. Ƙaya guda a wani lungu na ƙafar barbara tana iya ɓullowa sau biyu a zuriya biyu da ba su haɗa hanya ba, tana kuma iya ɓacewa a ɗan uwa na jini. Idan aka kafa jinsi a kan samuwar wannan ƙaya ko rashinta, ana iya haɗa baƙi a raba 'yan uwa. Rabe-raben zamani yana so kowane jinsi da kowane dangi ya zama zuriyar kaka ɗaya cif, ba ragi ba ƙari. Jinsunan Odontopygidae da dama an kafa su ne kafin wannan sharaɗi ya kafu, kuma ba a gwada su da ma'auninsa ba.

Binciken ƙwayoyin gado na DNA shi ne shaida mai zaman kanta da za ta iya raba gardama, kuma shi ke iya haɗa mace da namijinta ba tare da duban siffa ba. Amma samfuran tushe na wannan dangi galibi a Turai suke, a Biyana da Balin da Faris da Landan da Tervuren ta Beljiyam, sun shekara da yawa a cikin ruwan adanawa, wanda ke lalata ƙwayoyin gadon a hankali. Mafita ita ce a koma ainihin wurin da aka samo samfurin farko a tattaro sabo, abin da ke da wuya idan takardar da ke cikin kwalbar ba ta faɗi komai ba sai sunan ƙasa ko na kogi.

Ba a tsaunukan gabashin Afirka kaɗai batun ya tsaya ba, ya iso gonakin gyaɗa na Afirka ta Yamma. Yawancin ƙadandoniya masu amfani ne, suna narkar da ganye su mayar da shi taki. Amma wasu 'yan wannan dangi, musamman na jinsin Peridontopyge, an san su da ɓarnar gyaɗa a yankin Sahel da sabana, daga Senegal har Nijeriya. Sukan kwashe rani a can cikin ƙasa inda sauran danshi yake, su fito da ruwan farko daidai lokacin da iri ke tsirowa, su ci ƙwayar da ɗan tsiron. Idan gyaɗa ta fara zuba 'ya'ya kuma sai su huda kwanson tun yana da taushi. Hujin nan ƙofa ce ga fumfunar Aspergillus flavus, mai haifar da gubar afulatoksin da ke cutar da hanta, take kuma hana gyaɗa shiga kasuwannin waje. A shekarun 1970 Jean-Marie Demange na gidan adana halittu na Faris ya yi aikin tantance nau'o'in da ke ɓarna a yankin gyaɗa na Senegal, a cikinsu akwai Peridontopyge conani da Peridontopyge rubescens. Aikin mai rabe-rabe ne ya fara nuna cewa ba kowace ƙadandoniyar gona ce mai laifi ba.

Duk da haka, wanda ya duba rahotannin binciken noma zai ga sau da yawa an rubuta sunan jinsin ne kawai, an bi shi da 'yar alamar da ke nufin nau'o'i ba a tantance ba. Ba sakaci ba ne, raunin da na ambata ne ya biyo masu binciken har gona: sun tono mata da ƙanana, ko kuma ba su da mai duba musu ƙafar barbara. Illar ita ce ba a iya kwatanta sakamakon Kaulak ta Senegal da na Maraɗi ko na Samaru. Idan nau'i ɗaya ne ya bazu a faɗin sabana, dabarar da ta yi aiki a can tana iya yi a nan. Idan kuwa kowane yanki da nasa, masu lokacin fitowa da zurfin ɓuya daban, to kowane yanki sai ya yi nasa nazarin. Sabana shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da katangun da suka tsare nau'o'in Udzungwa a dajinsu, don haka hankali ya fi karkata ga bazuwa mai faɗi, amma hasashe ne har sai an gwada.

Gwajin kuwa bai fi ƙarfin sashen nazarin halittu na kowace jami'a a yankin ba. A makonnin farko na damina ake samun balagaggun maza a sarari, da sassafe ko bayan ruwa. Ana gane namiji da giɓin da ke zobe na bakwai, inda ba a ganin ƙafafun tafiya. A saka wasu a sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 75 don nazarin siffa, a yanke 'yan ƙafafu a saka a mai kashi 95 ko fiye don binciken ƙwayoyin gado. A cikin kowace kwalba a jefa takarda da aka rubuta da fensir, domin tawada takan narke: sunan gari, ma'aunin wurin a taswira, kwanan wata, da abin da aka shuka a gonar.